Kasko a Ƙasan Tawakali

Tumbe, Pemba
21 ga Muharram

Zuwa ga aminiyata Zuhura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara a can Mombasa, da ciwon gwiwar da ya hana ki zuwa. Takardarki ta jaje ta iso, Allah ya saka da alheri. Kin rubuta cewa haƙurina abin koyi ne. Kada ki ƙara rubuta mini haka. Ni ce na ƙone Tawakali.

Babu wanda ya sani sai Allah, yau kuma sai ke, domin tare muka riƙe allo, kuma ba ki taɓa yi mini kara ba.

Kin san jirgin tun yana hannun surukina. Katakonsa da ƙyallensa na kama iska ba su sauya ba, amma baƙin injin nan mai shan dizal, wanda muke jin bugunsa tun daga bakin mashigi, ya mutu a watan azumi. Sai mijina Faki ya sayo ƙarami mai shan fetur, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, don fita mashigi da ranakun da iska ta kwanta. Baba Makame makaniki ne ya ɗaura shi. Ina bayan ƙofa ina tsince shinkafa na ji yana cewa, "Faki, tsohon naka ko ashana ka jefa masa a mai, mutuwa za ta yi. Wannan kuwa ba man ne abin tsoro ba, numfashinsa ne. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Gangarawa yake, ya kwanta a ƙasan jirgi ya yi lamo. Kana tsaye ba ka jin komai, sai ka kai hanci ƙasa kamar mai sujada. Kai da sallar ma sai an kora ka, ban san yadda za ka yi ba." Suka yi dariya. Ni kuwa na ji haushin haɗa sujada da man inji, sai na zubar da gargaɗin tare da ba'ar.

Kin tuna abin da surukata ta koya mini. Duk shekara, idan an gama toshe jirgi an shafe shi da man kifi, matar mai jirgi takan shiga ita kaɗai da kaskon turare, ta ajiye shi a wuri mafi zurfi a ƙarƙashin katakan baya, ta zuba lubban, ta yi karatu, ta fita ba ta waiwaya ba. Ba a ɗauke kaskon sai an dawo daga tafiyar farko. Shekara ashirin da biyu ina yin haka, garwashi yana kwana kusa da man dizal, ko sau ɗaya bai yi tari ba. Bana Faki ya ce, "Ba turare, Mwatima. Ki yi addu'arki a ɗaki, Allah yana ji daga nan." Bakina ya ce to.

Ranar Juma'a, maza duk suna masallaci, ruwa ya janye, jirgin yana kishingiɗe a kan yashi. Na hau da kaskona. Gawayin ɓawon kwakwa na zaɓa, domin ya fi riƙe wuta, na kuma lulluɓe shi da toka yadda ba zai yi hayaƙin da zai tona ni ba. Babu mai a jirgin a lokacin. Na karanta, na sauko, ban waiwaya ba, ina jin daɗin kaina.

Wannan laifi na farko ne. Na biyu ya fi shi. Da aka sauko daga masallaci ruwa ya fara dawowa, aka loda kanumfari, ni ina tsaye a inuwar mangwaro. Na ga Kombo, ɗan maƙwabciyarmu Bi Mboja, wanda ke kula da injin, yana ratsa ruwa da jarka a kafaɗa. Shida ya ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙarƙashin katakan baya. Maganar Baba Makame ta dawo mini kalma bayan kalma. Na ce a raina, ai garwashin ya mutu tuni. Na ce, wutar da aka yi wa karatu ba ta cuta. Muryata za ta kai inda yake, Zuhura. Ban kira shi ba, domin kada Faki ya san na saɓa masa.

Sun kai bakin mashigi, sun kashe inji, sun ɗaga ƙyalle. Ƙarar da na ji ba ta da girma. Kamar an rufe wata ƙofa mai nauyi ne a gidan da ba kowa. Saboda hasken rana ban ga harshen wuta ba. Ƙyallen kawai na ga yana ɓacewa daga ƙasa zuwa sama. Mutum biyar suka faɗa ruwa. Kombo yana durƙushe a baya wajen jarkokin, bai fito ba. Faki ya koma don ya jawo shi, ya bar fatar hannuwansa da ta ƙirjinsa a can.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: Kombo mashayin taba ne, sigarinsa ce. Ba wanda ya tambaye ni komai. Wa zai tambayi mai koyar da mata karatu, mai wanke musu gawa?

A barandar asibiti, da likita ya ce sai addu'a, na ɗauki alkawari da Ubangijina. Na ce idan ya tashi kafaɗun Faki, zan je gaban Bi Mboja in faɗa mata da bakina, ta ji da kunnenta, cewa ba ɗanta ne ya ƙone jirgin ba. Jiya Faki ya sha kunu da kansa.

Ki gaishe da mutanen gida. Ki yi mini addu'a, kada ki yabe ni.

Taki,
Mwatima binti Shaame

Tumbe, Pemba
6 ga Safar

Aminiyata Zuhura,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma zazzaɓin autarki ya sauka. Faki ya dawo gida, ana yi masa wankin ciwo safe da yamma, yana gaishe ki.

Kin ce in je yau, kada in kai gobe. Na karanta takardarki sau uku, na kuma yarda da kowane layi. Tsakanin ƙofata da ta Bi Mboja taku goma sha ɗaya ne. Ban je ba.

Akwai abin da nake so ki auna mini, domin na daina amincewa da hankalina. Ranar da Faki ya dawo, na tsaya sallar azahar. Na yi tsayuwa, na yi ruku'u, ba komai. Da goshina ya taɓa darduma, sai na ji shi: warin fetur, da ƙamshin lubban a cikinsa, sun gauraye. Na ɗago, babu. Na koma sujada ta biyu, yana nan a kwance, kamar ruwa mai zurfin yatsa biyu a kan daɓe.

Ban yi saurin cewa wani abu ba ne. Na wanke dardumar da sabulu, na shanya. Na koma ɗaya ɗakin. Na bincika gidan kaf, ko kananzir babu sai na fitila. Na ce wa Faki, "Ba ka jin wani wari?" Ya ce, "Warin maganina ne, Malama, ki yi haƙuri da ni." Na je gidan makaranta na ja mata salla a kan tabarmar da mutum ashirin ke taɓawa da goshi, ni kaɗai na tashi ina tari. Ba ya zuwa da asuba, ba ya zuwa da isha. Da tsakar rana yake zuwa, daidai lokacin da na hau jirgin.

Bi Mboja kuwa tana shan abin da ni ya kamata in sha. Shekaranjiya a bakin rijiya wata ta ce, yadda za ta ji, "A matsa wa uwar mai sigari, kada ta ƙone mana guga." Tsohuwar ta ajiye tulunta ta ce, "Ɗana ya bar taba tun daren farko na azumi. A gabana ya rantse, da hannunsa a kan kaina." Suka ce, "To, Inna, aljani ne ya kunna masa?" Ina wurin. Na ce, "Ku ji tsoron Allah, ku bar mamaci ya huta." Duk suka sunkuyar da kai, domin Malama ta yi magana. Kin ga yadda na sayi girma da abin da na sata?

Gawar jirgin tana nan a bakin mashigi. Idan ruwa ya janye, haƙarƙarinsa baƙaƙe sukan fito daga laka. Masu tsintar ƙaguwa sun daina bi ta wurin. Bi Mboja ce kaɗai take zuwa, kullum, da sandarta, tana tona. An ce ta taɓu. Surukarta Riziki, matar marigayin, tana cikin takaba, ba ta da ikon bin ta.

Jiya da hantsi ta yi sallama a ƙofata, laka har gwiwa. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro kasko, ta ajiye a kan dakali. Nawa ne. Ga ɓallin da ya yi a baki tun shekarar da na haifi ɗan farina. Jirgi ya ƙone har ƙusoshinsa sun lanƙwashe, kasko bai ko tsage ba. Ta ce, "'Yata, na tsinci wannan a ciki. Na ce ke ce kika san kayan ibada, ki ajiye." Ta dube ni. Idonta ba fushi, ba tambaya. Ta tsaya kamar mai jiran a ba ta ruwa. Na ce, "Allah sarki. Sannu da wahala, Inna." Ta juya ta tafi.

Da na ɗauka, da ɗumi. Na gaya wa kaina rana ce. Amma a cikin jiƙaƙƙen zane ta kawo shi, daga cikin laka mai sanyi, kuma dakalina yana inuwa. Na kife shi a ƙarƙashin gado. Yau da safe na taɓa. Ba zan rubuta miki abin da na ji ba.

Sadakar arba'in saura mako guda. Na ɗaura wa kaina ranar. Ki gaishe da kowa.

Taki,
Mwatima

Tumbe, Pemba
15 ga Safar

Zuhura, 'yar'uwata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna cikin rufin asiri. Mu nan jiki lafiya.

An yi sadakar. Mutane kaɗan suka zo, yawancinsu don shinkafa. Ni aka ba jagorancin karatun mata, kamar kullum. Na yi wanka, na sa farin mayafi, na tsara maganata tun daga gida: jimla uku ce kawai. Da aka shafa fatiha mata suka watse, na rage ni da tsohuwar a kan tabarma. Ta ce, "Mwatima, kin zauna. Da magana?"

Zuhura, Allah ya buɗe mini ƙofa har bango. Na buɗe baki. Sai na hango Faki ta taga, yana zaune cikin maza da hannuwansa a naɗe, yana ƙoƙarin ɗaga kofi da wuyan hannu. Na ce, "Babu, Inna. Allah dai ya jiƙansa." Ta ce, "Amin." Ta ce, "Ina nan dai."

Na zauna na tuhumi kaina, kamar yadda malaminmu ya koya mana mu yi kafin a tuhume mu. Na ce don Faki ne, kada baƙin ciki ya tayar masa da ciwo. Na duba, ƙarya ce. Faki ya fi ni ƙarfi. Na ce don ɗalibaina ne, kada su raina karatu saboda mai koyarwa. Wannan ma ƙarya ce mai kyan tufafi. Abin da ya rage a ƙasan tukunya shi ne ba na so matar nan ta bakin rijiya ta kira ni da irin sunan da ta kira Bi Mboja. Shekara arba'in da bakwai ina gina sunan Malama. Ashe shi nake bauta wa, kuma don shi na kai kaskon tun farko.

Warin ya hau. Da a sujada kawai yake. Tun ranar sadakar nake jinsa a zaman tahiya, jiya kuma na same shi a ruku'u. Baba Makame ya taɓa cewa haka yake cika jirgi, daga ƙasa zuwa sama, a hankali, ba motsi, har ya tarar da abin da yake nema. Na daina hura wutar rana. Riƙe ashana nake yi in tsaya, hannuna ya ƙi. Faki yana cin abincin safe da sanyinsa.

Kada ki zo. Ba rakiya nake buƙata ba, taku goma sha ɗaya ne.

Taki mai neman gafara,
Mwatima

Tumbe, Pemba
23 ga Jimada Ula

Zuwa ga aminiyata Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi laifin shiru. Takardunki uku sun iso, ban amsa ba domin ba ni da amsar tambayar da ke ƙarshen kowacce. Ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yau zan ba ki amsar.

Wata uku na yi ina cewa gobe. Na ce sai an gama shanyar kanumfari. Na ce sai Riziki ta fita takaba. Bi Mboja ta daina zuwa bakin mashigi, ta koma zaman ƙofar ɗakinta da hantsi. Na koyi bin bayan gida idan zan je makaranta. Warin ya kai mini ƙirji, daga baya ya kai haɓa. Ina tafiya da kaina a ɗage kamar mai ratsa ruwa, mata suna cewa Malama ta ƙara kwarjini.

Ranar Talata ta makon jiya Bi Mboja ta rasu, a zaune, da rana tsaka. Ta bar wasiyya biyu a bakin Riziki: ni zan wanke ta, kuma a turara likkafaninta da kaskon da ta ba ni ajiya.

Na ciro shi daga ƙarƙashin gado. Wata ce ta zuba garwashin, ni na kasa. Na wanke gawar mata fiye da sittin a garin nan, ban taɓa jin tsoron gawa ba. Wannan ba ta da nauyi, ba ta da wahala. Duk inda na juya ta sai ta juyu, kamar tana taimaka mini. Sai dai kanta. Sau uku ina daidaita shi, sau uku yana karkatowa ya bar kunnen dama a sama, wajena. Wataƙila wuyan tsufa ne. Da masu zuba ruwa suka fita ɗauko likkafani, na sunkuya na faɗa mata jimlolina uku a cikin kunnen. Na sake daidaita kan, ya zauna.

Ranar Juma'a aka saukar da sabon jirgi. Faki da ƙaninsa ne suka haɗa ƙarfi, suka sa masa injin dizal, domin Faki ya rantse fetur ba zai ƙara kwana a ƙarƙashin ƙyallensa ba. Gari duk ya fito. Baba Makame ya zuba man a gwangwani, ya ƙyasta ashana ya jefa, ta mutu tsit. Ya ce, "Kun gani? Wannan malalaci ne, sai an matsa masa yake kamawa. Ba na ce ku yi wasa da shi ba fa, ku 'yan banza. Amma Malama, kawo turarenki. Wancan karon an hana ki, kin ga abin da rashin albarka ya jawo mana." Mutane suka ce ƙwarai, ƙwarai.

Kaskon yana hannuna, babu wuta a cikinsa. Na shiga ruwa har gwiwa, na juyo na fuskance su. Na ce, "Wancan karon ba a hana ni ba, domin ban hanu ba. Wannan kaskon yana ƙarƙashin katakan Tawakali da garwashi a ciki lokacin da Kombo ya jera jarkoki, ina kallo, ban kira shi ba. Kombo bai sha taba ba."

Ba wanda ya yi salati. Ruwa kawai nake ji yana bugun jikin jirgin. Baba Makame ya cire hularsa ya riƙe. Faki ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce a hankali, "Fito daga ruwan, Mwatima." Tun ranar bai ƙara mini wata kalma ba, bai kuma kore ni ba. Makaranta ta watse. Na ji sabon sunana a bakin rijiya, ya kuma dace da ni.

Riziki ce ta tare ni a kan yashi, da ɗanta a goye. Na yi zaton mari ne, na miƙa fuska. Ta ce, "Inna ta sani tun ranar da ta tono shi. Ita ta raka surukarki kasuwar Wete aka sayo miki kaskon. Na ce bari in fita in faɗa wa gari, ta ce in na faɗa ba ta yafe mini ba. Ta ce, Mwatima mai tsoron Allah ce, za ta zo da ƙafarta, kada a ƙwace mata ladan. Kullum da hantsi sai ta sa na shimfiɗa tabarma biyu a ƙofa. Ranar Talatar ma biyu na shimfiɗa."

Warin ya sauka. Ina hura wuta yanzu, ina dafa wa Faki abinci da zafinsa. A tsaye ba na jin komai, a ruku'u ma haka. A sujada yana nan, zurfin yatsa biyu, kuma yanzu ba ya zaɓen lokaci. Sau talatin da huɗu a yini nake sa fuskata a cikinsa. Ban roƙi a ɗauke mini ba.

Na san abin da za ki rubuto. Za ki ce na faɗa a gaban gari duka, sunan Kombo ya wanku, ɗansa zai girma ba a nuna shi da baki. Haka ne, kuma na gode wa Allah. Za ki ce mamaci yana ji. Wataƙila, sanin wannan yana wurin Allah. Amma ni na san kalmomin da na furta a barandar asibiti, kuma na san wadda nake nufi: mace mai rai, mai iya amsa mini, mai iya yafewa ko ta ƙi. An ba ni ita wata huɗu, a zaune, taku goma sha ɗaya daga ƙofata.

Ki gaishe da maigida da yara. Ki sa Bi Mboja da ɗanta a addu'a kafin ki sa ni.

Kin tambaye ni sau uku ko na cika alkawarina. Ban cika ba.

Taki,
Mwatima binti Shaame